Mastar a aikin jinya: in sayar da filin gado in tafi?

Wasiƙar da ta zo mana:

"Assalamu alaikum Gwaggo. Ni malamar asibiti ce a nan Maradi, shekaruna 34, tara daga ciki a farar riga na yi su. Na yi shekara huɗu ina manjo, wato shugabar ma'aikata, a wani CSI, ƙaramin asibitin ƙauye, yanzu shekara biyar ke nan ina ɓangaren yara masu tamowa. Ina da lisansi. Wata makaranta a Wagadugu ta karɓe ni in yi mastar a ilimin jinya, shekara biyu, za a fara a watan Oktoba, kuma sun ce in zaɓi ɗaya cikin uku: ƙwarewa a bakin gadon majinyaci, koyarwa, ko bincike. Maigidana ɗan kasuwa ne, ya ce in je, amma tun ranar bai ƙara tayar da zancen ba. Hajiya, mahaifiyarsa, ta tambaye ni ko likita zan zama in na dawo. Da na ce a'a, sai ta ce, to wahalar mi ce? 'Ya'yanmu uku, autar watanta 14, tana shan nono. Kuɗin adashena bai kai ba sai in na sayar da filin da na gada wajen mahaifina. Wani abokin aikina ya ce mastar ta jinya ɓata lokaci ce, gara in yi ta lafiyar al'umma in shiga porje, wato aikin ƙungiyoyin agaji, in huta. Gaskiya Gwaggo na gaji da aikin dare. Sai dai akwai abin da ke damuna. Shekara biyu ke nan ina rubuta, a wani littafi nawa, uwayen da ke saɓa ɗansu su tafi kafin a sallame su, kuma na ga abin ya fi yawa da damina. Ba wanda ya sa ni. Ban san yadda zan yi da littafin ba, ban san yadda zan yi da kaina ba. Ki ba ni shawara."

Amsa:

Wa'alaikumus salam ɗiyata. Sau uku na karanta wasiƙarki, kuma kowane karo wuri guda nake tsayawa, wajen littafin nan. Kin tura shi can ƙarshe kamar abin da bai kai a ambata ba, ni kuwa saboda shi ne nake ce miki ki tafi. Ki tafi karatun nan. Amma kada ki sayar da fili, kuma kada ƙafarki ta taka tasha sai takardar ma'aikata tana cikin jakarki.

Bari in fara da Hajiya, don tambayarta tambaya ce ta mai hankali, kada ki ɗauke ta a matsayin ƙiyayya. Ita abin da ta sani a asibiti mutum biyu ne, likita da mai allura. In karatu bai mayar da mai allura likita ba, me ya mayar da ita? Da yawa cikin masu farar rigar ma ba za su iya amsawa ba, shi ya sa abokin aikinki ya ce ɓata lokaci ce. Ke kanki sai kin iya amsa ta cikin jimla guda kafin ki biya ko dala.

Hanya ta farko da suka ba ki, ta ƙwarewa a bakin gado, ke kin riga kin yi rabinta ba ki sani ba. Shekara huɗu kina manjo a ƙauye: ke ce ke duba mara lafiya, ke ce ke cewa ga abin da ke damunsa, ke ce ke rubuta magani, ke ce ke yanke hukunci cikin dare ko a nemo mota a kai mai naƙuda babban asibiti ko a jira. Wannan aikin ne wasu ƙasashe suka ba suna, suka gina masa karatu. A Amurka an fara shi a 1965 a jami'ar Kolorado, inda wata malamar jinya, Loretta Ford, da wani likitan yara, Henry Silver, suka shirya horo ga masu jinya saboda yaran karkara ba su samun likita. Faransa, wadda muka gaji tsarinta, sai a 2018 ta fitar da dokar da ta amince da irin waɗannan masu jinya, da karatun shekara biyu matakin mastar, da sharaɗin an yi aƙalla shekara uku ana aiki, kuma ta iyakance su ga fannonin da ta lissafa, kamar cututtuka masu daɗewa da suka lafa, da ciwon daji, da ciwon ƙoda. Majalisar masu jinya ta duniya ma, a ƙa'idojinta na 2020, mastar ta sa a matsayin ƙaramin mataki. Abin lura a labarin Faransa shi ne doka ce ta buɗe ƙofar. Takardar makaranta shaida ce cewa kin iya, izinin yi kuwa hukuma ce ke bayarwa. Saboda haka in wannan hanyar ta ja ranki, ki fara tambayar ma'aikatar lafiya, a rubuce, wane aiki ne za a bar ki ki yi da ita wanda ba ki yi yanzu, kuma a wane rukuni za a sa ki. In amsar ta zo a dunƙule, to ki sani za ki dawo da ilimi mai yawa ki tarar da gadon da kika bari, da aikin daren da kika bari, da albashin da kika bari. Ilimin ba zai lalace ba, yara za su amfana, amma na ga mata sun dawo haka zuciyarsu ta mutu.

Ta biyu, koyarwa, ita ce sana'ata, kuma zan daɗe a kanta kaɗan. Ni an ɗauko ni daga ɗakin yara aka miƙa mini alli saboda an ce hannuna yana da kyau. Ba wanda ya taɓa koya mini yadda ake koyarwa. Shekaru ina karanta wa ɗalibai abin da aka karanta mini, suna kwafa, suna haddacewa, suna ci. Wata rana na bi su wurin istaj, inda suke koyon aiki a asibiti, na tarar da wata ɗaliba tawa, wadda ta fi kowa maki, tsaye gaban ƙarin ruwa tana kallon agogo, hannunta na rawa. Leda ce ta mililita 500 da aka ce ta shiga cikin awa takwas. A takarda ta san lissafin sarai: ɗigo ashirin ne mililita guda, ka raba 500 da uku sau takwas, ka samu ɗigo 21 a minti. Ta rubuta mini wannan a jarrabawa ba kuskure. Amma ba ta taɓa riƙe ɗan tayan nan na igiya da yatsunta tana murzawa tana ƙirga ɗigo ba, saboda ni ban taɓa kawo leda aji ba. Da ta ga ɗigon ya ƙi zama, sai ta sake shi ya yi gudu, ta juya za ta tafi. Babban mutum ne a kan gadon, Allah ya kiyaye. Ke da ke ɗakin tamowa kin san abin da zai faru da yaro ne mai kumburi, wanda zuciyarsa ba ta ɗaukar ruwa. Daren nan ban yi barci ba. Laifin ba nata ba ne, nawa ne, ni da na ba ta maki a kan abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

Abin da mastar ta koyarwa ke ba mutum ke nan, in makarantar ta kirki ce: yadda ake tsara darasi daga abin da ɗalibi zai iya yi da hannunsa in ya gama, yadda ake gwaji da mutum-mutumi kafin a taɓa ɗan mutane, yadda ake jarrabawar da ke auna iyawa ba hadda ba, yadda ake bin ɗalibi a wurin istaj a gyara masa ba tare da an kunyata shi gaban majinyaci ba. Ki duba garin nan. A da, in aka ce makarantar lafiya, ENSP ta Yamai da ta Damagaram ake nufi. Yau makarantu masu zaman kansu sun yi yawa, ke ma kina ganin ɗalibansu sun cika muku ɗaki da safe, wani lokaci sun fi gadajen yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2020 duniya na da giɓin masu jinya miliyan 5.9, mafi yawansa a ƙasashe irin tamu. Kowa ya ji wannan sai ya ce a buɗe makarantu. To wa zai koyar a cikinsu? Gini wata shida ya isa. Malamar da ta yi shekara tara a bakin gado kuma ta koyi koyarwa, ita ce ba a samu a kasuwa.

Yanzu littafinki. Wataƙila ba ki ɗauki Maradi a matsayin garin bincike ba, amma shi ne. Tun yunwar 2005, lokacin da aka yi wa dubun-dubatar yara magani a gida da abincin gyaɗar nan na leda maimakon a kwantar da kowa, duniya ke koyon maganin tamowa daga jihar nan. A Madarunfa aka yi gwajin da aka buga a 2016, kan yara sama da 2,000 masu tamowa mai tsanani marar rikici, aka ga ba wa kowa amoksisilin bai ƙara yawan masu warkewa daga tamowar ba. A nan ne kuma cibiyar bincike ta Epicentre ta gwada rigakafin zawo mai jure zafi, Rotasiil, kan jarirai sama da 3,000, aka buga sakamakon a 2017. Su wa suka ɗaura awon dantse, suka ɗora yara a sikeli, suka bi gida-gida da babur, suka cika takardu? Irinki ne. Amma a tsawon aikina, da wuya in ga mai jinya ce ta kawo tambayar. Mu ne hannu, wasu ne kai. Ke kuwa kin kawo taki tambayar ba wanda ya sa ki, kuma tambaya ce da likita ba zai gani ba, don shi yana zagayensa da safe ya wuce, ke ce kike nan ƙarfe huɗu na asuba sa'ad da uwa ke naɗe tabarmarta a hankali don kada a ji.

Sai dai bari in gwada miki abin da karatun zai yi wa littafin. Kin ce tafiyar ta fi yawa da damina. Na yarda. Amma da damina ne kuma ɗakinku ke cika har a shimfiɗa a ƙasa, lokacin da rumbu ya ƙare, masassarar cizon sauro ta taso. In a watan Fabrairu kun kwantar da yara kaɗan uwa biyu suka tafi, a watan Agusta kun kwantar da ninki goma uwa ashirin suka tafi, to ba abin da ya canza, yawan ne kawai. Sai kin raba masu tafiya da waɗanda aka kwantar, wata-wata, kafin ki ce damina ce. In bayan rabawar har yanzu damina ta fi, sai tambaya ta biyu ta taso: mene ne a cikin daminar? Noma ne, da gayaunarta da ba mai nome mata? Yaran da ta baro gida ne? Maigida ne ya aiko ta dawo? Abincin uwar ne ba ya isa? Ko kuwa cunkoso ne ya sa ba mai sararin zama ya yi mata bayanin dalilin da ya sa ake ba ɗanta madarar F-75 kaɗan-kaɗan alhali tana ganin yunwa yake ji, sai ta ɗauka ana yi masa rowa? Kowace amsa da maganinta daban, kuma ta ƙarshen nan a hannunku take, ba ta bukatar ko sisi daga waje. Ba za ki sani ba sai kin bi wasu cikinsu har gida kin zauna kin saurara, da tsarin da zai hana ki jin abin da kike son ji kawai. Wannan shi ake koya a mastar. Florence Nightingale da ake ta rataya hotonta a makarantu, ba fitilar ce ta sa hukuma ta saurare ta ba bayan yaƙin Kirimiya, ƙidayar matattu ce da ta nuna cuta ta fi harsashi kashe sojoji.

Gargaɗi guda kan littafin, kuma da gaske nake. In akwai sunayen mutane da na ƙauyukansu a ciki, amana ce, kada ya kwana inda wani zai buɗe. Ki sanar da shugaban ɓangarenku cewa kina wannan rubutun. Ranar da zai zama bincike, sai da izinin asibiti da na kwamitin ɗa'ar bincike, kuma sai uwayen sun yarda da bakinsu.

To wace za ki zaɓa? Da ni ce ke, koyarwa zan ɗauka, in yi memwar ɗina, wato kundin binciken kammala karatu, a kan littafin. Kowace mastar da memwar ake rufe ta, don haka binciken ba zai kuɓuce miki ba, za ki koyi lissafinsa da hanyoyinsa. Amma koyarwa tana da kujerar da za ki dawo ki tarar, shi kuwa bincike zalla yawanci a kan kuɗin porje yake rataye, yau akwai gobe babu. In daga baya ranki ya ƙara ja, digirin dokta yana nan, shekara uku ne a tsarin LMD, wato lisansi, mastar, dokta, kuma malamar da ke cikin makaranta ta fi kowa kusa da shi. Sai dai kin ce kin gaji da aikin dare, kuma ban raina gajiyar ba, na san yadda ƙafa ke yi da asuba. Amma in don ki rabu da ɗakin majinyata za ki koyar, kada ki fara. Malamar da ta daina shiga ɗaki, cikin shekara uku ta koma mai karanta tsohon littafi, irin yadda na kasance kafin ranar ledar nan.

Abokin aikinki bai yi ƙarya duka ba. Mastar ta lafiyar al'umma karatu ne mai daraja, ga ISP, cibiyar koyar da lafiyar al'umma, nan a Yamai ba sai an ƙetare iyaka ba, kuma ta fi saurin kai mutum ofis. Aiki ne daban: tsare-tsare, rahoto, taro, zagayen duba CSI. In shi kike so, ba abin kunya ba ne. Amma wadda ta kwashe shekara biyu tana rubuta uwayen da suka tafi cikin dare, ban ga alamar ofis take nema ba.

Sai maganar takardu, inda ni na ƙone. Na taɓa tafiya wani horo na shekara biyu da yardar baki ta shugabana, ya ce je ki, takarda za ta biyo ki. Ba ta biyo ni ba. Aka canza shi, wanda ya zo bai san zancen ba. Na dawo da shaidata, aka ce ba hukuma ce ta tura ni ba, na yi shekaru ina hawa da sauka kafin a sauya mini rukuni. Ke ma'aikaciyar gwamnati ce, saboda haka ki bambance abu biyu. Akwai takardar da ke cewa hukuma ta sa ki a matsayin mai istaj, wadda da ita albashinki ke ci gaba, shekarunki na ƙirguwa, kuma in kin dawo kina da hujjar neman ƙarin matsayi. Akwai kuma hutun dakatar da aiki, wanda ake ba ki sarari amma ba albashi. Ta farkon kike nema. Ki shigar da buƙatarki ta hannun shugabanninki na nan, ki riƙe kwafi mai hatimi da kwanan wata, sannan ki hau mota ki bi ta har Yamai. Kilomita sama da 600 ne, na sani, amma zuwa da kai ya fi saƙo. Da kin je, ki leƙa ANAB, hukumar ba da tallafin karatu, ki tambayi ko akwai tallafin da ya shafi irin karatunki, ki leƙa ma'aikatar ilimi mai zurfi ki tambayi yadda suke karɓar shaidar wannan makarantar.

Ita makarantar ma ki tuhume ta kafin ta ga kuɗinki. Hedikwatar CAMES, hukumar da aka kafa a 1968 wadda ke tantance digirori tsakanin ƙasashenmu masu Faransanci, a Wagadugun take. Kada ki tambayi ko an amince da makarantar, kowa zai ce e. Ki tambayi ko an amince da wannan mastar ɗin ita kanta, su nuna miki a rubuce. Mastar ta gaskiya zango huɗu ce, kiredi 120. Ki tambayi su wa ke duba memwar, akwai masu jinya a cikinsu ko duk likitoci ne da ke zuwa su wuce, kuma ɗalibi nawa ke kan malami guda. Ki nemi lambar 'yan Nijar biyu da suka gama can, ki ji inda suke aiki yanzu. Bakinsu ya fi kowace takardar talla. Sannan ki roƙi abu guda tun yanzu, kafin ki sa hannu: a bar ki ki tattara bayanan memwar ɗinki a Maradi. In suka yarda, babban yanki na shekara ta biyu a ɗakinki za ki kwana, kuma kina iya neman wani malami a sashen kimiyyar lafiya na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya riƙa duba miki aikin. Wannan kaɗai zai sauƙaƙa zancen gida da na aljihu. Ki kuma sa hanya cikin lissafi, don hanyar ƙasa tsakanin Yamai da Wagadugu ba irin ta da ba ce wajen tsaro, ba za ki riƙa zuwa gida duk wata ba.

Wani zai ce miki ga Katsina nan a bakin ƙofa, ga Kano, ga Zariya inda jami'ar Ahmadu Bello ke ba da mastar a jinya. Gaskiya ne, kuma Nijeriya ta riga mu nisa a wannan fanni, tun 1965 jami'ar Ibadan ke ba da digirin jinya. Amma Hausar da za ki yi a kasuwar Zariya ba za ta bi ki aji ba, da Turancin Ingilishi za ki karanta ki rubuta, kuma sai an daidaita takardunki da tsarinsu. Ke da gurbi ya riga ya samu a inda harshe da kuɗi duk irin naki ne, ban ga dalilin sake lale ba. Ingilishin dai ki fara koyonsa ko ta waya, don yawancin abin da aka rubuta kan tamowa, har wanda aka yi a Madarunfa, da shi aka buga.

Fili kuwa, a'a. Mace a garin nan, filin gadonta shi ne bangon da take jingina da shi in duniya ta juya, kuma duk wanda ya sayar da fili a Maradi shekara goma da suka wuce, ki tambaye shi ko kuɗin zai saya masa rabinsa yau. In takardar istaj ta fito, albashinki na tafiya, to rabin matsalar ta kau. Ragowar ki nemi 'yan adashenku su ba ki kwasar farko, ki tambayi makarantar ko ana biya kashi-kashi, ki zauna da 'yan'uwanki maza ki gaya musu ƙarara cewa kin gwammace ki ci bashinsu da ki sayar da abin mahaifinku. In filin na nomuwa, ki ba da shi haya. In duk an haɗa bai kai ba, jinkirin shekara guda ya fi sayarwa.

Maigidanki ya ce ki je, sannan ya yi shiru. Kada ki ɗauki shirun a matsayin yarda, kada kuma ki ɗauke shi a matsayin hani. Mutum ne da ya faɗi abin da ya san daidai ne, yana kuma jin tsoron abin da zai biyo baya: wa zai riƙe gida, me za a ce masa a rumfar kasuwa, za ki dawo kina ganin kin fi shi. Ba zai faɗa ba sai kin sauƙaƙa masa. Ki zaɓi daren da ba ki da aiki, bayan yara sun kwanta, ki zo da takarda: ga watannin da ba na nan, ga na hutu, ga wanda zai yi girki, ga wanda zai kai yara lakwal, ga abin da zan kashe da inda zai fito. Ɗan kasuwa ne, lissafi a fili ya fi kwantar masa da rai a kan alkawari. Kuma in zancen ƙarin aure yana ranki, na san yana nan ko ba ki rubuta ba, ki fito da shi ku yi shi ido da ido tun kina gida. Jin sa daga bakinsa, ko mene ne, ya fi jin sa ta waya kina tsakiyar jarrabawa.

Hajiya kuma kada ki aika mata, ki je da kanki, da wata babba daga danginku. Ki ce mata: Hajiya, ba likita zan zama ba, zan zama mai koyar da waɗanda za su riƙa yi muku allura da ƙarin ruwa, ke da jikokinki, don hannunsu ya yi kyau. Ki roƙi albarkarta, ki kuma roƙe ta ta sa ido kan manyan biyu. Tsohuwar da aka ba amana takan zama mai tsaron tafiyar da da farko ta ƙi.

Autar ce ba zan yi miki sassauci a kanta ba. Ke ce ke karɓar yaran da aka yaye dare ɗaya aka kai gidan kaka, kin san yadda suke zuwa miki bayan wata biyu. Kada a yi wa taki haka saboda Oktoba. Ki tafi da ita ta cika shekara biyunta a nono, ki ɗauki mai tayaki riƙo. Amma ki ji ni da kyau: kada a cire wata yarinya daga makaranta don ta yi miki reno ke ki yi mastar. Ki nemi babbar mace cikin dangi wadda ta gama nata renon, ki biya ta hakkinta.

In Oktoba ta zo takardar ma'aikata ba ta fito ba, kada ki tafi da alkawarin baki kamar yadda na yi. Ki rubuta wa makarantar su ajiye miki gurbi zuwa baɗi, ki karɓi amsarsu a rubuce, ki gaya wa maigida da Hajiya watan tafiyar don kowa ya san ɗagawa aka yi ba fasawa ba. Shekarar ba za ta tafi a banza ba: ki koyi jera bayanai a kwamfuta, ki yi Ingilishinki, auta ta ƙarasa nononta a gida.

Yau in kin shiga aikin dare, ki buɗe littafin ki ja sabon layi a gefe, ki ɗauko rajistan ɗakinku ki rubuta yawan yaran da aka kwantar kowane wata cikin shekara biyun nan, ki raba. In kin dawo daga Yamai ki rubuto mini abin da suka ce, ki haɗo da abin da rabawar ta nuna, ina son in gani.

Gwaggonki.